Karen Bana Da Karen Bara A Gida Ɗaya: Me Kimiyya Ta Ce Kan Haɗa Kwikwiyo Da Tsohon Kare?

Bahaushe ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Maganar gaskiya ce, sai dai ta bar baya da ƙura: shi karen bara fa, ina za a kai shi? Yana nan kwance a bakin zaure, bakinsa ya yi furfura, tashi ma sai ya yi shawara. Gidan nasa ne, shekara takwas ko tara yana gadinsa. Ranar da aka shigo da kwikwiyo a cikin kwali, shi ba a nemi izininsa ba.

A ƙaramar hukumar Doguwa, can ƙarshen kudancin jihar Kano inda ta yi iyaka da Kaduna da Bauchi, wannan ba tambayar masu kiwon kare don ado ba ce. Kare a nan ma'aikaci ne. Manomin masarar da gonarsa ke bakin dajin Falgore yana buƙatarsa saboda birai, Bafulatani a ruga yana buƙatarsa saboda ɓarayin dare, mafarauci kuwa in rani ya yi ba shi da abokin tafiya kamarsa. Noma da kiwo da farauta ɗin nan su ne ma dalilan da hadisi ya ambata wajen halatta riƙe kare. Don haka in tsohon ya fara gazawa, dole a nemo magaji, kuma abin da aka saba yi shi ne a kawo kwikwiyon a ajiye a tsakar gida a ce "za su saba". Wani lokaci su saba ɗin. In ba a yi sa'a ba kuwa, ɗaya cikin uku ke faruwa: kwikwiyon ya mutu da gudawar jini kafin ya yi wata guda, ko tsohon ya yi masa cizon da ba zai tashi ba, ko kuma, wanda ya fi muni, cizon ya sauka a kan yaron da ya shiga rabo.

Yawancin binciken da za mu kawo an yi shi ne a Turai da Amurka, kan karnukan da ke kwana a ɗaki. Namu a waje suke kwana, suna yawo, suna cin ƙanzo. Amma jiki ɗaya ne, ƙwaƙwalwa ɗaya ce, cututtukan ma su ne dai. Inda yanayinmu ya bambanta za mu faɗa.

Shekarun tsohon nawa ne a lissafin mutane?

Ka taɓa jin an ce a ninka shekarun kare sau bakwai? Lissafin bai tsaya daidai ba. A 2020 wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, ƙarƙashin Trey Ideker, sun auna wasu alamomin sinadari da ke sauyawa a jikin ƙwayar halitta yayin da shekaru ke tafiya, a jikin karnuka 104 'yan asalin Labrador, suka kwatanta da na mutane. Sai suka ga kare yana tsufa da gudu a farko, daga baya ya sassauta. Mai shekara 1 ya yi daidai da mutum mai kusan 30, mai shekara 4 ya haura 50, mai shekara 10 yana gab da 70. Kwikwiyo mai mako 8 kuwa kamar jariri ne mai wata 9. Jinsi ɗaya aka auna, don haka kada a ɗauki lambobin kamar sikelin mai zinariya. Amma hoton ya fito: jariri mai rarrafe ka ɗauko ka ɗora wa dattijo mai ciwon gwiwa, ka ce ya yi raino dare da rana. Karen ƙauye kuma, wanda ya sha kaska da tsutsar ciki da raunukan daji, jikinsa yakan riga shekarunsa tsufa.

Ciwon gwiwar nan ba wasa muke ba. Amosanin gaɓɓai na cikin abubuwan da suka fi damun tsofaffin karnuka, kuma kare ba ya kuka da shi yadda za ka gane. Abin da za ka gani shi ne ya daina tsallake dangar da ya saba tsallakewa, yana tashi da ƙyar da sanyin safiya, a hanya yana zama na baya. Sai a ce ya yi lalaci. Daniel Mills na Jami'ar Lincoln a Ingila, shi da abokan aikinsa, sun duba karnukan da ake kai wa ƙwararru saboda mugun hali, suka ruwaito a 2020 cewa aƙalla kusan ɗaya cikin uku akwai ciwo a ƙarƙashin halin, a wasu asibitocin ma adadin ya kusa kashi 80 cikin 100. Wato karen da bai taɓa cizo ba, in kwikwiyo ya dira a kan ƙugunsa mai ciwo, zai iya yi.

Ga kuma ji da gani. Karen da kunnensa ya yi nauyi ba ya jin tahowar kwikwiyo, sai dai ya farka ya ji abu a wuyansa, kuma wanda aka razana a barci haƙori yake fara kaiwa kafin ya duba wane ne. Ƙwaƙwalwa ma tana tsufa. Wani babban bincike a Amurka kan karnuka sama da 15,000, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna yiwuwar ruɗewar tsufa tana ƙaruwa da kusan rabi a duk shekarar da kare ya ƙara. Alamunta: yawon dare babu dalili, haushi ba a ga kowa ba, tsayawa a lungu yana kallon bango, mance mutanen gida. A kula da wani bambanci mai muhimmanci a nan. Ruɗewar tsufa a hankali take zuwa, wata da watanni. Karen da halinsa ya juye cikin kwana biyu ko uku, yana dalalar da miyau, muryarsa ta sauya, yana cizon itace da ƙasa, ko kuma ya yi laushi muƙamuƙinsa ya saki, wannan ba tsufa ba ne. A killace shi, kada kowa ya taɓa, a kira malamin dabbobi.

Abu ɗaya kafin mu wuce: don Allah kada a je kemis a sayo masa maganin ciwon jiki na mutane. Ibufurofen da dikulofenak suna yi wa kare gyambon ciki, suna kashe masa ƙoda. Akwai nasu maganin, likitan dabbobi ne ke bayarwa bisa nauyin jiki.

Ƙofar da ke rufewa a mako na 12

Shi kuma kwikwiyon agogo ne ke gudu a kansa. John Paul Scott da John Fuller sun shafe shekara 13 suna nazarin karnuka a wata cibiya a jihar Maine ta Amurka, suka fitar da littafinsu a 1965. Cikin jinsuna biyar da suka yi aiki da su har da basenji, ɗan asalin tsakiyar Afirka. Sun gano cewa daga mako na 3 zuwa wajen na 12 ne kwikwiyo ke koyon wane ne nasa. Abin da ya saba da shi a wannan tsakanin, mutum ne, akuya ce, kaza ce, wani kare ne, ya zama ɗan gida. Bayan nan tsoron baƙon abu ke rinjaye. A wani gwaji da aka wallafa a 1961 daga wannan cibiyar, an bar wasu 'yan kwikwiyo da uwayensu a fili ba tare da hulɗa da mutane ba har mako 14. Da aka ɗauko su sai suka zama kamar namun daji, ba su ƙara sakin jiki da mutum yadda ya kamata ba. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan na nufin abu biyu. Na farko, kada a raba shi da uwarsa da wuri. A ƙauye akan ɗauke kwikwiyo yana mako 4 ko 5, da zarar ya fara lasar kunu, don kada wani ya riga ka. Amma a wajen uwa da 'yan'uwa yake koyon sassauta cizo da fahimtar "bari" a yaren karnuka. Wanda aka cire da wuri yakan zo bai san gurnani gargaɗi ba ne, kuma irinsa ne ke shan wuya a hannun tsoho. A bari ya kai mako 8. In kana tsoron a riga ka, ka ba da kafin alƙalami, ka ɗaura masa zare a wuya. Na biyu, cizo ɗaya mai tsanani a waɗannan makonni zai iya barin kare mai tsoron karnuka har ƙarshen rayuwarsa, ko ya zama matsoraci ko ya zama mai faɗa, kuma duka biyun ba su da amfani a ayarin farauta.

Kafin su ga juna: maganar cuta

A ganinmu nan ne aka fi yin asara, ba a wajen faɗa ba. Akwai wani bairos da likitocin dabbobi ke kira fabo, wanda ya bayyana a 1978, kafin shekara biyu ya gama duniya. Yana cin fatar cikin hanji da ɓargo, wato wuraren da ƙwayoyin jiki ke saurin hayayyafa, shi ya sa 'yan kwikwiyo daga mako 6 zuwa wata 6 suka fi faɗawa hannunsa. Sai ka ga kwikwiyo ya ƙi abinci, ya fara amai, sai gudawar jini mai wari, ruwan jikinsa ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Sau da yawa akan ce guba aka sa masa, har a zargi maƙwabci a ɓata zumunci, alhali a ƙasar tsakar gidan ya ɗauka. Bairos ɗin yana fita ta kashi, yana iya yin watanni a ƙasa, musamman a inuwa mai laima, kuma sabulu ba ya kashe shi. Ruwan bilic irin su Hypo yana kashe shi a kan siminti da kwano, amma a kan turɓaya ba ya yin wani abin kirki. Tsohon karen da ke yawo gari zai iya kwaso shi a ƙafa ya kawo gida, shi kuwa lafiyarsa ƙalau. In kwikwiyo ya taɓa mutuwa da gudawar jini a gidanka cikin shekarar nan, kada ka kawo wani sai wanda ya gama allurarsa.

Me ya sa allurar ba ɗaya ba ce? Mutane da dama na ganin dabarar cin kuɗi ce. Ba haka ba ne. Kwikwiyo yana samun garkuwa daga dakashin uwarsa a ranar farko. Garkuwar nan tana kare shi, amma kuma tana kashe allurar rigakafi kafin ta yi aiki. Tana raguwa a hankali, a wani ta ƙare a mako na 6, a wani sai wajen na 16, kuma ba a ganewa da ido. Saboda haka ake farawa a mako na 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 2 zuwa 4 har ya kai mako 16, don a dace da lokacin da ƙofar ta buɗe. Allurar guda ce ke haɗa fabo da distamfa, cutar nan mai majina da kwantsa da ke ƙarewa da farfaɗiya.

Ka ga matsalar ke nan: makonnin da kwikwiyo ya fi buƙatar sabo da wasu karnuka su ne makonnin da cuta ta fi kama shi. Mafitar ita ce a fara da tsohon. A yi masa allurarsa, a ba shi maganin tsutsa, a cire masa kaska, mako biyu ko uku kafin baƙon ya iso. Kaskar kare tana ɗauke da cututtukan da ke cinye jini, tsoho na iya zama da su shekara da shekaru, kwikwiyo kuwa kwana kaɗan dasashinsa ya yi fari fat. Wajen cire kaskar, ban da fiya-fiya. Guba ce da ke shiga ta fata, ta kashe kwikwiyo, ta kuma taɓa wanda ya shafa. Shi ma baƙon da nasa kayan yake zuwa: tsutsar ciki da yakan ɗauka tun a mahaifa ko ta nono, wadda ƙwanta ke iya shiga cikin yaran da ke wasa da ƙasa, sai ƙuma da kazuwa. Don haka in ya iso a ware masa wurinsa na kamar mako biyu, bayan allurar farko da maganin tsutsa, ana lura da cinsa da kashinsa.

Sai haukan kare, wanda ya wuce maganar dabbobi ya zama maganar rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamu suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Kwikwiyon da aka tsinta a hanya ko aka saya a kasuwa ba a san uwarsa ba zai iya zuwa da cutar a ɓoye, don takan yi makonni ko watanni kafin ta nuna. Ana yin allurar a wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. A ƙasar nan ake yin ta, a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924. Wahalar ita ce allura sai da sanyi, in ta yi zafi a hanya ta zama ruwa. Mai kare ɗaya a Riruwai ko Dariya ko Zainabi zai ga tsadar ɗauko ma'aikaci da akwatin ƙanƙara saboda shi kaɗai. Amma in mafarautan gari suka haɗa kai ta hannun Sarkin Dawa, aka tara karnuka rana ɗaya, aka yi magana da sashen dabbobi na ƙaramar hukuma, kuɗin ya ragu. Masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa.

Ranar haɗuwa

A makonni biyun nan na warewa, hanci ya fara aiki. Ka ɗauki buhun da kwikwiyo ke kwana a kai ka ajiye kusa da makwancin tsohon, nasa ma ka kai wa kwikwiyon. Kare da wari yake sanin duniya, gara ya san baƙon kafin ya gan shi.

Haɗuwar farko kada ta zama a bakin zaure ko kusa da kaskon abinci, nan ne tsohon ya fi jin wurin nasa ne. A fita bayan gari, wurin da karnuka ba su cika bi ba, da sassafe ko da la'asar sakaliya. Mutum biyu manya, kowa da nasa a igiya, igiyar a sake ba a ɗame ba, don ɗamammiyar igiya tana sa kare ya ƙame kamar mai shirin faɗa. A yi tafiya gefe da gefe da tazara, a riƙa matsowa. In tsohon ya so shinshina, a bar shi ya shinshina ta baya na ɗan lokaci kaɗan, sai a ci gaba da tafiya. In ya yi kamar bai ga kwikwiyon ba, madalla, wannan nasara ce, ba ƙiyayya ba. Sai a koma gida tare. Kada a ɗauki kwikwiyo a hannu a miƙa shi ga fuskar tsohon, an hana shi gudu ke nan, an kuma sa hannun mutum a tsakanin haƙora.

To, sai maganar sarƙa, wadda littattafan Turawa ba su cika tabowa ba amma a wajenmu ita ce babba. Wata likitar dabbobi a Ingila, Kendal Shepherd, ta kwatanta gargaɗin kare da tsani. A matakin ƙasa yana hamma, yana lasar hanci, yana kau da kai. In ba a ji ba ya tashi ya bar wurin. In an bi shi ya ƙame, ya zuba ido, sai gurnani, sai kai cizo a iska, sannan cizon gaske. Karen da ke ɗaure a turke an cire masa matakin "tashi ka bar wurin". Kwikwiyo na sake, yana zuwa yana jan kunnensa, shi kuma ba inda za shi. Me ya rage masa? Don haka in dole a ɗaure ɗaya, to kada a saki ɗayan ya same shi. Mafi kyau a yi wa kwikwiyon ɗan keji ko a kewaye masa lungu da zana, tsohon kuma ya samu wurin da zai hau ko ya shiga wanda ƙaramin ba ya iya kaiwa.

Kuma kada a doki tsohon don ya yi gurnani. Mun san abin da wuya, mutum na ganin ƙato yana yi wa ɗan mitsitsi barazana sai hannu ya kai ga sanda. Amma gurnani magana ce. In ka hana shi da duka, ba ka cire ɓacin ran ba, gargaɗin ka cire, gobe sai cizo ba sallama. Ka kuma koya masa cewa duk sanda ƙaramin nan ya matso, duka na biye. Horon da ya dace gajere ne: ƙara mai yawa, babu rauni, kwikwiyo ya yi ƙara ya kwanta ya nuna ciki, bayan ɗan lokaci ya dawo yana wasa da ɗan ladabi. Wanda bai dace ba shi ne tsohon ya riƙa bin sa shiru yana laɓe kamar ya ga zomo, ko ya cafke shi ya girgiza, ko ya danne ya ƙi saki, ko a ga jini, ko kwikwiyon ya wuni a ɓoye ƙarƙashin rumbu ya ƙi fitowa. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan a raba su, a koma matakin baya. Masu horar da karnuka kan ce manya na ɗaga wa ƙanana ƙafa har su kai wata huɗu ko biyar. Yakan faru, amma ba doka ba ce, kuma ba kowane kare ne ya san da ita ba.

Akwai masu cewa a bar su su yi faɗa don a san shugaba, wai haka kyarketai ke yi. Wannan ra'ayi ya samo asali ne daga nazarin Rudolf Schenkel na 1947 kan kyarketan da aka tara daga wurare daban-daban aka kulle a gidan namun daji na Basel a Siwizalan. David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa ra'ayin, shi da kansa ya dawo a 1999, bayan shekaru yana kallon kyarketai a daji a tsibirin Ellesmere na Kanada, ya ce garken kyarkeci iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'ya, ba fagen dambe ba. Balle ma kare ba kyarkeci ba ne.

Kasko, inuwa, da mai gida

Wani nazari daga Jami'ar Tufts a Amurka, na 2011, ya duba gidaje 38 da karnukansu ke faɗa da juna. Adadin ba shi da yawa, amma abin da ya fito ya yi daidai da abin da mafarauta suka sani: kusan huɗu cikin biyar jinsi ɗaya ne, mata sun fi yawa a ciki, yawanci ƙaramin ko sabon zuwa ne ke tsokana, kuma manyan abubuwan da ke tada rigimar su ne abinci da neman hankalin mai gida. Don haka in tsohuwar karya gare ka, namiji ya fi sauƙi, in namiji ne, ka nemi mace, ka kuma shirya wa abin da zai biyo baya in ta balaga.

Kasko ɗaya shi ne kuskuren da aka fi yi. Kwikwiyo na buƙatar ci sau uku ko huɗu a rana, kuma tuwo zalla ba ya gina ƙashi, sai an haɗa da ɗan kifi, ƙwai, wake ko romo. Tsoho kuma haƙoransa sun zube ko sun dakushe, a hankali yake ci. A wata na farko shi zai kori ƙaramin, a wata na biyar ƙaramin ne zai cinye ya bar shi yana ramewa ba a lura ba. Kowa da kaskonsa, nesa da juna, a ɗauke in an gama. Ƙashi da kayan ciki, musamman lokacin Layya ko in an dawo daga daji, su ne suka fi tada faɗa, a ba kowa nasa a ware. Kayan cikin ma a dafa, don hanta ko huhun da ke da ƙullutun ruwa na sa wa kare wata tsutsa da ƙwanta ke komawa jikin mutum. Ruwa wuri biyu, inuwa wuri biyu, kuma da hunturu a shimfiɗa wa tsohon buhu ko tsohuwar tabarma a inda iska ba ta bugawa. In ka dawo gida ka fara kula tsohon, ka ci gaba da fita da shi shi kaɗai ko da zuwa bakin gona ne.

Yara su ne suka fi son kwikwiyo, su ne kuma fuskarsu ke daidai bakin kare. A gaya musu ƙarara: ba a kai kwikwiyo wurin tsohon, ba a taɓa kare yana ci ko yana barci, in faɗa ya tashi ba a sa hannu, a kira babba ya watsa ruwa ko ya sa faifan katako a tsakani. In tsautsayi ya sa an ciji ko an yakushi wani, ko da ɗan kwikwiyon ne ya yi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a nufi asibiti a ranar ba tare da tsayawa maganin gida ba. Karen kuma kada a kashe shi ko a kore shi, a killace shi kwana 10 ana kallo, don lafiyarsa a ƙarshen kwanakin bayani ne da likita ke buƙata.

Shin da gaske tsohon zai koya masa aiki?

Mafarauta sun daɗe da cewa kare a wajen kare yake koyon farauta, kuma a nan bincike ya goya musu baya. A 1997 Slabbert da Rasa sun ruwaito wani gwaji da karnukan 'yan sanda a Afirka ta Kudu: 'yan kwikwiyon da aka bari suna kallon uwayensu na neman miyagun ƙwayoyi tsakanin mako 6 zuwa 12, da aka gwada su a wata 6 sun fi waɗanda ba su gani ba nesa ba kusa ba, alhali ba wanda ya koya musu komai. A 2018 kuma Claudia Fugazza da abokan aikinta a Budafes ta ƙasar Hangari suka nuna 'yan mako 8 na iya koyon buɗe akwatin abinci ta hanyar kallo kawai. Abin mamakin, sun fi koya daga baƙon kare fiye da uwarsu, don sun fi zuba masa ido. Tsohon karenka ke nan.

Sai dai ido ba ya tace abin da yake ɗauka. In tsohon na kama kajin maƙwabta, ko bin babur, ko cizon ƙafar akuya, wannan ma darasi ne. Kuma koyarwa na buƙatar malami mai sauran ƙarfi. Lokacin kawo magaji shi ne tsohon na shekara 6 ko 7, yana iya zagaya gona, ba sai ya kwanta ba. In ya riga ya makance, ko ya ruɗe, ko ciwo ya ci ƙarfinsa, to a kawo kwikwiyon saboda gadi in dole ne, amma kowa da ɓangarensa, kada a ɗora masa raino. Doguwar tafiyar daji kuma a jira ƙaramin ya kusa shekara, lokacin da ƙasusuwansa suka gama ƙarfi. Gandun Falgore dai doka ta hana farauta a cikinsa, kuma ko a gefensa, karen da ba a yi wa allura ba hanya ce ta kai cuta ga namun daji: a 1994 distamfa, wadda bincike ya danganta da karnukan ƙauyukan kewaye, ta kashe zakuna kusan 1,000 a dajin Serengeti na Tanzaniya, wajen kashi ɗaya cikin uku na zakunan wurin.

Wata na shida zuwa shekara biyu shi ne lokacin da mutane ke sakin jiki, don sun ga an saba, alhali a nan ne ƙaramin ke balaga, ya fi tsohon ƙarfi, ya fara tare masa hanya a bakin ƙofa, ya ƙwace makwancinsa. Yanzu wanda ake karewa ya sauya. Ka riƙa shafa haƙarƙarin tsohon duk mako don ka ji ko yana ramewa, ka duba kunnuwansa da wuyansa ko akwai sabon rauni, kuma duk ranar da za a bar gida ba babba, a raba su kafin a fita.